Mitar Mai Wayarin: Tarihin Na'urar Da Aka Yi Don Kashe "Bari Mu Canja Mu Gani"

1/ Zare 🧵
Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san wannan maganar: "Bari mu canja batir mu gani." A canja, mota ta ƙi tashi. "To ko kik ne?" A canja kik. Kafin a gano ashe wata waya ce ta yi tsatsa, aljihu ya riga ya ji jiki. Akwai 'yar na'urar da aka ƙirƙira sama da shekara 100 da suka wuce don kashe wannan "mu gani" ɗin.

2/ Sunanta maltimita, a gareji kuma mita kawai ake cewa. Ni ɗalibin injiniyancin lantarki ne, aji uku, kusan kullum tana cikin jakata. Ina so mu bi tarihinta, don in ka san shi za ka gane dalilin da ya sa dabarar gwajin da ta yi wa 504 aiki take iya ƙona ƙwaƙwalwar Corolla. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

3/ Matsalar wutar lantarki ita ce ba a ganinta. Lagireto in ya fashe ka ga ruwa a ƙasa. Bel in ya saki ka ji ƙara. Amma waya mai lafiya da wadda ta ruɓe daga ciki kamanninsu ɗaya a ido. Sai da mutane suka yi shekaru masu yawa suna neman hanyar da wuta za ta nuna kanta kafin a kai ga mita.

4/ A 1800 wani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faifan jan ƙarfe da na tutiya, yana sa ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakani. Batir na farko ke nan. An samu wuta mai gudana ba yankewa, sai dai babu abin auna ta. A lokacin masana da jikinsu suke gwadawa, har da harshe. Eh, irin yadda yara ke lasar ƙaramin batir. 😅

5/ A 1820 Hans Oersted, malami a Denmak, ya lura cewa in wuta ta bi waya kusa da kamfas, allurar kamfas ɗin tana karkata. A shekarar nan Johann Schweigger a Jamus ya naɗe wayar zagaye da yawa a kewayen allurar, karkatar ta ƙaru. Daga ranar aka samu abin da ake nema: wuta ta motsa allura, ido ya gani.

6/ André-Marie Ampère a Faransa ya ɗora lissafi a kan alaƙar wuta da maganaɗisu. Sai Georg Ohm, malamin makaranta a Jamus, ya fitar da dokarsa a 1827. Allah sarki, da farko ko kallo bai ishi manyan masanan ƙasarsa ba. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila ta ba shi lambar yabo.

7/ Sunayen mutum ukun nan su ne ma'aunai ukun da ke jikin mita. Ɗauki tankin ruwa na saman gida. Bolt, wato V, shi ne ƙarfin matsin ruwan. Amfiya, wato A, yawan ruwan da ke wucewa ne. Om, mai alamar Ω, shi ne yadda fayif ya ƙuntata ko ya toshe. Dokar Ohm ta ce bolt = amfiya × om. Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

8/ Na'urorin farko na ɗakin bincike ne, ko teburi ka girgiza sun rikice. A 1882 Jacques d'Arsonval da Marcel Deprez a Faransa suka juya tsarin: maganaɗisu ya tsaya cik, ɗan kwayil mara nauyi ya riƙa juyawa a tsakiya. A 1888 Edward Weston a Amurka ya mai da shi abin da za a ɗauka a tafi da shi wurin aiki. Duk mita mai allura jikar wannan ce.

9/ To amma kowane ma'auni da akwatinsa. Na bolt daban, na amfiya daban, na om daban. Wani injiniya a hukumar gidan waya ta Birtaniya, Donald Macadie, aikinsa kula da layukan tarho, ya gaji da jigilar akwatuna. Sai ya zauna ya haɗa ukun a akwati ɗaya mai allura ɗaya, ka murɗa maɓalli ka zaɓi abin da za ka auna.

10/ A 1923 aka fara sayar da ita da sunan AVO: harafin farko na amfiya, da V na bolt, da na om. Ta farkon wutar batir kaɗai take aunawa, daga baya aka ƙara mata irin wutar da ke zuwa gida. Samfurinta mafi shahara, Model 8, ya fito a 1951, ba a daina ƙera shi ba sai 2008. Shekara 57 fa!

11/ Kun lura ba don mota aka yi ta ba, don tarho ne. To me ya kai ta gareji? Mota ce ta canja. Motocin farko kusan ba ruwansu da wayarin. Tartsatsin fulogi daga magneto yake zuwa, fitilu na gas ne ko na kananzir, inji kuma da hannu ake juya shi, kamar yadda ake ta da tsohon injin niƙa. In ya yi tutsu ya juyo da baya, yana iya karya hannu.

12/ A 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai kik na lantarki, aikin Charles Kettering. Batir mai dalma da ruwan asid kuwa tun 1859 Gaston Planté ya ƙirƙira shi a Faransa, sai yanzu ya samu gurbi na dindindin a mota. Ford Model T ma ta samu kik a 1919. Daga nan batir, dainamo, kik da fitilu suka zama gida ɗaya, wayoyi suka yawaita.

13/ Motocin lokacin 6V suke amfani da shi. A shekarun 1950, da injuna suka ƙara ƙarfi, aka koma 12V. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: batir ɗin da muke ce wa 12V ɗaki 6 ne a cikinsa, kowane ɗaki kusan 2.1V. Wato cikakken batir 12.6V yake nunawa. In mita ta nuna maka 12.0V daidai, batir ɗin ya kusa ƙarewa ne.

14/ Ga lambobin, ku adana:
Mota a kashe, ta huta: 12.6V cikakke, wajen 12.2V rabi.
Lokacin da ake murza makulli: kada ya faɗi ƙasa da 9.6V.
Inji na aiki: tsakanin 13.5V da 14.7V.
Ƙasa da haka caji bai isa ba. Sama da 15V ana dafa batir ne. Minti biyu ya isa a yi gwaji ukun nan.

15/ Tsakanin cikakken batir da mai rabin caji 0.4V ne kacal. Ido ba zai gane wannan daga hasken ƙwan fitila ba, dole sai an auna. A 1960 kuma Chrysler ta sa altaneta a motarta Valiant a maimakon dainamo, sauran kamfanoni suka bi. Da altaneta, kayan lantarki masu laushi irin su dayod suka fara shiga ƙarƙashin bonet.

16/ Mu dawo gida. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta cika titunanmu, daga motar gwamnati har ta haya. Irin wadda muka sani mai kafireto ce da kwantak da kwayil, ba kwamfuta ko ɗaya. Tambayar da mai wayarin ke yi a kanta guda ce: akwai wuta a nan ko babu?

17/ Wannan tambaya kuwa ƙwan fitila mai waya biyu ya isa ya amsa ta. Nan aka gaji dabaru uku da har yau ake gani: gwaji da ƙwai, goga waya a jikin mota a ga tartsatsi, da cire kan batir inji na aiki don a ga ko ana caji. Ba raina iyayenmu na gareji nake ba, wallahi. Da dabarun nan suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru.

18/ Sai dai motar ta sake canjawa. A 1967 Bosch ta fito da D-Jetronic a Volkswagen 1600, inda lantarki ke lissafa man da za a fesa wa inji. A 1976 Volvo ta sa sensar iskar oksijin a salansa, ita ma aikin Bosch. Dokokin rage hayaƙi a Amurka da Turai suka tura kowa wannan hanya. Kafireto ya tafi, birenbos ya zo.

19/ Sensar oksijin irin ta asali tana magana ne da wuta tsakanin 0.1V da 0.9V, mara ƙarfi ainun. Ƙasa na nufin mai ya yi kaɗan, sama na nufin ya yi yawa. Yanzu tambayar ta tashi daga "akwai wuta?" ta koma "nawa ce?" Kuma a nan aka ci karo da wata matsala da ke jikin kowace mita.

20/ Kowace mita sai ta ɗebi wani abu daga wutar da take aunawa, kamar mai ɗanɗana miya. In tukunya ce babba, cokali ɗaya ba komai. In miyar duka cokali biyu ce fa? Mita mai allura da wutar da take aunawa take motsa allurarta. A batir ba a ji. A sensa kuwa tana iya janye siginar har lambar da za ta nuna ta zama ƙarya.

21/ Maganin ya fito daga mita mai lambobi. A farkon shekarun 1950 Andrew Kay a Amurka ya ƙera ma'aunin bolt mai nuna lamba, amma babba ne mai tsada. A 1977 Fluke ta fito da 8020A mai shiga tafin hannu. Irin waɗannan nasu batir suke ci, abin da suke ɗiba a layin da ake aunawa kuwa bai taka kara ya karya ba.

22/ Mu yi lissafi da dokar Ohm. Mita mai lambobi mai kyau tana da om miliyan 10 a cikinta. A 12V abin da take ja 0.0000012A ne. Ƙwan gwaji mai wat 3 yana jan 0.25A. Raba ka gani: ƙwan ya fi mita jan wuta sama da sau 200,000. In ƙwan sigina ne mai wat 21, ya kai 1.75A.

23/ Yawancin sensoci 5V birenbos ke ba su, ta layin da aka yi don ɗaukar wuta 'yar kaɗan. Ka maƙala ƙwai a kan batir ka soka ɗaya bakin a irin wannan layin, ka tura masa 12V da nauyin da ba a yi shi don shi ba. Wani lokaci a sha, wani lokaci wani abu ya ƙone a ciki shiru, ba hayaƙi ba ƙauri. Goga waya a ga tartsatsi kuwa ya fi muni.

24/ Cire kan batir inji na aiki fa? A motar yau batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta. Ka cire shi farat ɗaya, wutar tana iya tsalle ta ninka 12V sau da yawa na ɗan ƙiftawar ido, ta bi duk kwamfutocin motar. Amsar da ake nema kuwa mita za ta bayar ba a kwance ko noti ɗaya ba: duba lambobin da ke 14/.

25/ Motocin Kwatano da suka maye gurbin 504 duk 'yan wannan zamanin ne. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, soket mai ƙafa 16 a ƙasan sitiyari. Shi ne inda ake jona sikana. Sai wasu suka ɗauka ai sikana ta zo, mita ta yi ritaya. Ina!

26/ Sikana tana faɗa maka unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan. Misali lambar P0135 na nufin layin hitar sensar oksijin ya samu matsala. Zai iya zama sensar ce ta mutu, zai iya zama fiyus, zai iya zama waya ce ɓera ya ci. In aka sayo sabuwar sensa ba a auna ba, "mu gani" ɗin nan ne dai ya dawo da sabuwar riga.

27/ Har layin da kwamfutocin mota ke hira da juna, CAN, wanda Bosch ta gabatar a 1986, da mita ake duba shi. A kashe mota, a cire batir, a auna om tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin. Lafiyayye wajen 60Ω yake nunawa, saboda akwai 120Ω biyu a ƙarshen layin. In ka ga 120Ω, ɗaya ɓangaren ya yanke.

28/ Amma a yi adalci, tsohon ƙwan nan yana da wata gaskiya. Tunda mita mai lambobi kusan ba ta jan komai, ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin ruɓaɓɓiyar waya za ta nuna maka 12.6V lafiya lau. Ƙwai kuwa yana ɗora nauyi, sai ya yi dishi-dishi ya tona asiri. Shi ya sa a layin fitila ko hon har yau yana da amfani.

29/ Kik yana iya jan 150A ko fiye. A ce tsatsa a kan batir ta ƙara 0.02Ω kacal. 150 × 0.02 = 3V sun salwanta kafin wuta ta isa kik. Mota ta yi "ƙat" ta yi shiru. Ka auna om ba za ka ga 0.02 ba, don wayoyin mitar kansu sun fi haka. Irin wannan ce ke sa a canja batir da kik masu lafiya.

30/ Yadda ake kama ta: sa mita a bolt na batir, baki ɗaya a kan ƙarfen nagatif na batir, ɗaya a jikin inji, wani ya murza makulli. Abin da ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Maimaita daga fozitif zuwa kik. In wani ɓangare ya haura kamar 0.5V, nan ne. Sau da yawa sanfefa da sifana ne maganin.

31/ Motar da ke kwana ta tashi ba batir kuma, amfiya ake aunawa. A kashe komai, a sa mita a tsakanin kan nagatif da wayarsa, a jira kwamfutoci su yi barci. Ƙasa da kamar 0.05A daidai ne. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan 0.4A, a kwana 3 ya sha rabin batir mai 60Ah. A riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi.

32/ Yanzu kula da ita kanta mitar, don in ta yi ƙarya ta fi rashinta illa, tunda ka yarda da ita. Abu na farko: ramin 10A kusan waya ce miƙaƙƙiya. Ka manta jar wayar a can ka ɗora a kan batir, ka haɗa fozitif da nagatif ke nan. Da ka gama auna amfiya, mai da jar wayar ramin V nan take, kafin ma ka ajiye.

33/ In fiyus ɗinta ya ƙone, a sa irinsa sak, mai lamba ɗaya. Ban da silin waya, ban da takardar kwalin taba. Fiyus ɗin shi ne katanga tsakanin hannunka da batir mai iya fitar da ɗaruruwan amfiya. Wasu mitocin masu araha ma ramin 10A ɗinsu ba fiyus sam, a jiki ake rubutawa. Karanta kafin ka biya kuɗi.

34/ In alamar batir ta fito a gilashi, canja shi ranar. Mita mai raunin batir tana iya ba ka lambar da ba ita ba. Kafin aiki, sa ta a om ka haɗa bakunan biyu: ya kamata ka ga kusa da sifili, ko ka lanƙwasa wayoyin lambar ta tsaya. In tana tsalle, wayar ta karye daga ciki. Kuma ba a auna om a layin da ke da wuta.

35/ Namu yanayin ma yana da nasa. Kada a bar ta a dashbod cikin ranar Afrilu, gilashin yana baƙi. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin juyawa, don haka a ajiye ta a jaka. A goge mai da giris da ɗan ƙyalle, ban da fetur. In za ta daɗe a ajiye, a cire batir ɗin kada ya zubo ya ci ƙarfen ciki.

36/ Wurare uku da za ka janye hannu:
Layin iyabag, yawanci mai soket rawaya. Wutar da mita ke turawa don auna om tana iya tayar da shi.
Wayar fulogi, dubban bolt ne.
Wayoyi ruwan lemo a motar haibirid irin Prius, sun haura 200V, suna kisa. Wannan aikin wanda aka horar ne mai kayan kariya.

37/ Abin da Macadie ya haɗa don layin tarho a 1923 yau yana shagon kayan wuta a kowace kasuwa, kuma wata mitar ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a saba da tambaya. In an ce maka batir ne, ka ce cikin ladabi, "Oga, nawa ya nuna a mita?" Mai wayarin da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, har ya juyo maka gilashin ka gani.

38/ Ku kuma ƙannena masu koyon aiki a gareji, ku koyi kunne da hannun oganku, wannan ba ya cikin littafi. Sannan ku ɗora mita da dokar Ohm a kai. Motocin da ke shigowa sai ƙara waya suke, kuma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

39/ Nan zan tsaya. In akwai mai wayarin ko bakanike a nan, ina son jin abin da kuka fi cin karo da shi a motocin yanzu, mu ƙaru da juna. Ku tura wa duk wanda ake shirin canja wa batir gobe. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a sana'a. 🙏